Kuskuren Mercy a Kan Kanta

Madarar gwangwani, famfas da biskit ne kawai a kwandon Kande, amma layin biyan kuɗi ya kai har wajen firjin lemo. Wayarta ta sake ruri. Direban motar da za ta fitar da ita daga Sakkwato ne, ya ce saura ita kaɗai, kuma shi ba ya jiran kowa.

Ta gyara goyonta. Yarinyar ta sha kuka ta gaji, ta yi barci, kanta ya leƙo ta gefen hijabi da ɗan sabon kitsonta.

Wanda ya san manyan kantunan nan na Arkilla ya san halinsu. Farashin da ke manne a jikin kaya daban, wanda na'ura za ta faɗa daban, ka yi magana a kalle ka kamar ka zo roƙo. Mai karɓar kuɗin yau, wadda aka rubuta Mercy a ƙirjin rigarta, ta fi kowa rawar kai. Wurga kaya take cikin leda, sabulu kan burodi, ƙwai ƙarƙashin shinkafa. Wani dattijo ya ce an caje shi sukari sau biyu, ko ɗaga kai ba ta yi ba, ta ce ya koma gefe.

Kande dai saurin ya yi mata daɗi. A cuci kowa, in dai layi zai tafi.

Da ta iso gaba, Mercy ta ɗago don ta karɓi kwandon, idonta ya wuce kafaɗar Kande ya ɗan tsaya. Daga nan hannun da ke gudu ya mutu.

"Famfas ɗin ga ya yi mata ƙanƙanta," in ji Mercy. "Lamba nawa take sawa?"

"Sa min shi hakanan. Sauri nike."

Na'ura ta yi ƙara, madara ta fito da kusan ninkin kuɗinta. Ran Kande ya ɓaci.

"Mi na na haka? Ba shi a rubuce can ba!"

"Yi haƙuri, Hajiya, kuskure na. Sai manaja ya zo ya goge."

Manajan, Jelani, ya taho yana jan ƙafa. Mercy ta yi masa magana ƙasa-ƙasa tana nuna allon na'urar. Ya danna abin da zai danna, ya juya da waya a kunne, kuma a komawarsa babu jan ƙafa.

Aka sake lissafi, famfas ya fito sau biyu. Aka goge, biskit ya ɓace. Layi ya ɗauki guna-guni, wata mata ta dire kwandonta ta ce wallahi ta bar zuwa shagon nan. Zufa ta jiƙa Kande har cikin hijabi. Waya na ta ruri a jakarta, ita kuwa sai duban ƙofa take.

Ta zaro kuɗi ta zube a kan kantar biyan kuɗi.

"Ɗauki duka, ki riƙe canjin."

"Ba a yarda muna ba, Hajiya. In rasit bai fito ba, mai gadi ba shi barin ki fita da kaya."

 Mercy ta buɗe injin rasit ta ce takarda ta ƙare, alhali ga naɗin nan da saura. Kande ta gani. Tsoro ya kama ta sosai.

Ta bar madarar, ta bar kuɗin, ta nufi ƙofa da sassarfa. Mai gadi ya riga ya jawo ƙyauren gilashin ya tsaya a gabansa, Jelani na gefensa.

"Ku buɗe min! Ban ɗauki komi naku ba, ku duba jakata!"

Ihun nata ya tada yarinyar. Ta fasa kuka, tana waige-waige cikin baƙin fuskoki, can sai ta miƙa hannu biyu ta saman kafaɗar Kande tana zillo.

Mercy ce ta zagayo kanta da gudu. Ta kwance zanen goyon da hannunta, ta rungume yarinyar, ta karɓi wayar Jelani tana hawaye, uwar yarinyar na kan layi.

"Lailatu, bar kuka, ga Fiddausi hannuna. Ita ce wallahi, ni na yi mata kitson ga jiya a tsakar gidanmu."

Sai a lokacin Kande ta ji sunan yarinyar da ta ɗauke da safe a ƙofar wani gida a Tudun Wada.