Kakan da Ya Fito Ba Zuriya

An yi wani mai gyaran waya a bakin tasha, magidanci da gemunsa, wanda ya shiga koyon rubuta manhajar kwamfuta da girmansa. Bai yi nisa ba aka kai 'yan ajinsu darasin wani rubutu da ake kira XML. Tsarin bishiya gare shi: gindi ɗaya, rassa na fita daga jikinsa, kowane reshe da nasa ƙanana. Aka kuma nuna musu laburare, wato kayan aikin da gwanaye suka riga suka haɗa. Mai koyo umarni kawai zai ba shi, ya ƙera masa reshe, a ƙarshe ya fitar da bishiyar cikin fayil. Da mutumin ya ga haka, sai gwaggonsa ta faɗo masa a rai. Ita kaɗai ta rage cikin waɗanda suka san zuriyar kakansu Nomau: wa ya haifi wa, wa yunwa ta kora kudu, wace ce ta yi aure a ƙetaren iyaka ba a sake jin ɗuriyarta ba. Dangi sun daɗe suna son su nemo juna, ga tsohuwa ciwo ya kwantar da ita. Ya zauna ya haɗa 'yar manhajarsa. Ya gwada, ya ga duk sunan da ya buga yana fitowa a fuskar kwamfuta, ba ta yi ƙorafin komai ba. Ya ce ya iya. Abin da bai sani ba, laburaren nan aiki biyu yake so a kan kowane reshe: ka ƙera shi, sannan ka ɗaura shi a jikin wanda ya haife shi. Bayanin ɗaurawar yana shafi na gaba a littafin darasin. Shi kuwa a shafin farko ya tsaya.

Ya ɗauki kwamfutarsa ya tafi ƙauye. Aka tayar da tsohuwa, aka jingina ta da bango. Tun hantsi take jero sunaye har la'asar, ba ta tsayawa sai tari ya sarƙe ta, ta kurɓi kunu ta ci gaba. Har sunan ɗanta na fari, wanda kunya ba ta taɓa barin bakinta ya furta ba, ranar ta sunkuyar da kai ta faɗe shi ƙasa-ƙasa, don kada a bar gurbinsa. Shi yana bugawa, sunaye na ta hawa fuskar kwamfuta, ransa fari ƙal. Da ta gama ta ce, "To, maido mini da su in ji. Haka uwata ta yi da ni." Ya ɗaga kai ya dubi rana, ya tuna motar ƙarshe ta kusa tashi. Ya ce, "Gwaggo, wannan ba kan mutum ba ne. Ba ya mantuwa." Ta ce, "Ɗan nan, ni dai na sauke." Ya ba da umarnin fitarwa, kwamfuta ta ce an gama. Ya ga sunan fayil zaune a wurinsa. Bai buɗe ba. Ya kashe na'ura ya bi mota.

Wata bai ƙare ba tsohuwa ta rasu. Ranar sadakar bakwai zaure ya cika, domin labari ya bazu cewa an kama asalin gidan a cikin na'ura. Har da wata mata da ta yiwo doguwar tafiya daga kudu, wadda mahaifinta ya gaya mata kafin ya mutu cewa shi jinin Nomau ne, ta zo ta ji ta wane ɗaki na gidan ya fito. Mutumin ya buɗe fayil a gaban kowa. Sunan Nomau ne a ciki, shi kaɗai, babu ko reshe ɗaya a jikinsa. Ya rufe, ya sake buɗewa. Nomau. Fayil ɗin lafiyarsa lau, babu kuskure ko ɗaya a cikinsa. Laburare ya yi abin da aka sa shi: ya fitar da gindi da duk abin da ke ɗaure a jikinsa. Sauran sunayen kuwa zube suke a ƙwaƙwalwar na'ura kamar itacen da aka saro ba a ɗaure ba, kashe ta da ya yi ranar nan suka tafi. Wani baffansa ya matso, ya ƙura wa rubutun ido, ya ce, "Shi ke nan duka? Ashe kakan namu bai haihu ba. To mu daga wane rami muka fito?" Dattawa suka yi ƙoƙarin haɗo abin da baki. Suna wuce iyayensu gardama ta kaure, wannan ya ce wane ɗa ne, wancan ya ce jika ne. Matar kudu ta saurara har ta gaji, ta ɗauki ƙullin kayanta, ta yi musu gaisuwar rashi irin ta baƙo, ta fita.

Da mutumin ya koma gida ya juya shafin da ya tsallake. Layin da ya rasa bai kai tsawon yatsa ba. Ya koye shi. Yanzu duk bishiyar da ya haɗa tana fitowa da rassanta cif, sai dai babu sauran wanda zai tambaya.

Kai da ka fara taɓa wannan sana'a, in ka fitar da fayil, buɗe shi ka karanta da idonka tun mai maganar tana zaune. Hangen Dala ba shiga birni ba ne.