Zaren Tsawon Rai

Muna bakin teku a tsibirin Jeju na Koriya, za mu nutsa neman dodon koɗi, yayata ta fashe da dariya.

"Ke har yau kina taƙama da zaren nan? Ranar da kika cika shekara ɗaya, bisa al'ada aka baza miki kaya ki zaɓi rabonki, kuka kawai kika yi. Inna ce ta cusa miki zaren tsawon rai a hannu."

Shekara arba'in ina nutso da numfashina kaɗai, zuciyata na ce mini, "Zare kika ɗauka, ruwa ba zai ci ki ba."

Na nutsa. Ƙirjina ya ɗauki zafi, haske ya yi nisa. Na kasa kunne in ji zuciyata.

Ta ce, "Wa ya ce za ki fito?"