Telan da Ya Ɓuya a Bayan Masunci

Ranar Asabar ta farko a watan Maris, ƙarfe uku daidai na yamma, wani tela ya rufe shagonsa a wani garin bakin teku na ƙasar Sikotilan, can arewa da Ingila, ya je ya shiga ƙungiyar masu dogon gudu, irin wanda muke kira yada ƙanin wani. Mil ashirin da shida ne da 'yan kai, tafiyar yini sukutum ga mai jaki. A wannan ƙasa ba rana ke karya mai gudu ba, iska ce. Daga teku take tasowa da sanyi da yayyafi, ta tokare ƙirjin mutum kamar ana tura shi da ƙyauren ƙofa. Don haka 'yan ƙungiyar suke da al'ada: su jeru ɗaya bayan ɗaya, na gaba ya tare wa sauran iska, in an kai dutsen mil ya koma baya, mai bi masa ya karɓa. Ba alƙalin da ke hukunta wanda ya ƙi. Kunya ce kawai ke tsaron al'adar.

Telan siriri ne, ba nauyi, ga ƙafa. Tun ranar farko ya lura da wani masunci mai faɗin kafaɗa, ya liƙe a bayansa, ya ji wurin shiru kamar cikin ɗaki. Da aka zo kansa sai ya dafe haƙarƙari ya yamutsa fuska. Masuncin ya waiwayo ya ce, "Bari, tela, na riƙe maka." Mako ya zagayo, haka. Shekara ta zagayo, haka. Da an hango tutar ƙarshe sai tela ya fito daga bayan mutumin da ƙarfinsa cif, ya wuce fyu. Masuncin yakan iso na biyar ko na shida, leɓensa ya yi shuɗi, ya ce cikin haki, "Kai tela, wai da wane zare ka ɗinke kanka a rigata?" A yi dariya, tela ma ya yi, amma ba ya haɗa ido da shi. Kofunan azurfa suka cika tagar shago. Sau uku ana naɗa shi zakaran ƙasa, yana gaya wa kansa dabara ce, ai dabara ma ƙarfi ce. Ana nan tari ya kama masuncin, likita ya hana shi gudu har abada.

A bazarar da ta biyo aka sa tseren da za a zaɓi mutum guda ya ɗauki tutar ƙasar zuwa gasar duniya. Furfura ta fara tsiro wa tela, ya san in wannan ta wuce shi babu wata. Hanyar ta bi gaɓar teku: a tafi iska na tura mutum, a dawo tana tare shi. Da suka juyo, tela ya ɗaga ido yana neman bayan da zai shiga, bai ga komai ba sai kwalta da ruwan teku mai launin toka. Ya waiwaya. Samari goma sha wani abu sun jeru a bayansa reras, domin shekara da shekaru suna kallon yadda zakara ke cin tsere, sun kuwa koya. Ya dafe haƙarƙari, ba wanda ya ce bari. Ya rage gudu, suka rage. Wani daga cikinsu ya ce, "Ja mu, zakara, mu fa a bayanka muke."

A ranar ya fara sanin iskar garinsu. Bai san yadda ake sunkuyar da kai a gajarta taki ba, bai san yadda ake satar numfashi ta gefen baki ba, abubuwan da jikin masuncin ya haddace tun tuni a madadinsa. Ya buɗe ƙirji ya yi kokawa da ita, ta sha shi kamar yadda fitila ke shan mai. Saura mil uku samarin suka fara fitowa daga bayansa ɗaya-ɗaya, kowanne da ƙarfinsa cif. Ya gane salon, nasa ne. Ragowar hanyar da tafiya ya ƙarasa ta, yana dafe da haƙarƙarin da yau yake ciwo da gaske.

Ko da ya iso fili, an naɗe tutoci, an kwashe kujeru, masu kiɗa sun tafi da sabon zakara. Bai ƙara ɗaura takalmin gudu ba daga ranar. Waɗanda ya tarar a filin su ne: mai gadin fili, yana kaɗa makullai don a gane ya ƙosa, matar telan, rungume da kwat ɗinsa, wani kare da ba a san mai shi ba, sai masuncin, wanda ya saɓa wa likita ya fito cikin yayyafi da bargo a hannu. Ya lulluɓa wa tela bargon, ya zagaya ya tsaya tsakaninsa da teku, ya tare masa iskar kamar dā. Ya yi tari mai tsawo, sannan ya ce, "Ni na cuce ka, tela. Da na bar ka ka sha ta tun kana da ƙuruciyar shan ta."

Shi ya sa mutanenmu suka ce: ranar wanka ba a ɓoyon cibi.