Ƙafafun Tirelar Vernon

Hannun Vernon duk giris ne lokacin da ɗan injin da ke motsa ƙafafun tirelar ya yi gurnani kusa da kunnensa. Ƙafar ƙarfen da yake shafawa ta lanƙwashe kaɗan, cikin tirelar ya matso kusa da hancinsa, sannan komai ya yi tsit.

Duk mai jan ɗakin kwanansa a bayan mota ya san ƙafafun lantarkin nan ba don ɗaga nauyi aka yi su ba. Aikinsu kawai su hana tirela rawa idan ana takawa a ciki. Vernon ya fi kowa sani, har wa'azi yake yi wa sababbin zuwa a sansanin bakin tafkin nan na jihar Idaho. Amma da safen nan ƙusa ta huda taya, jak kuma yana can ƙarƙashin tarkace a bayan mota, ganda ta hana shi tonowa. Sai ya danna makunnin jikin tirelar, ƙafafun suka ɗaga ta, ya kwance tayar. Yana duƙe ya hango tsatsa a ƙafar baya. Ya zura tsohon wandon aikinsa da ke rataye tun ranar da suka iso, ya shige ƙasa, ya kwanta rigingine.

Yanzu babu taya a wannan gefen, ƙafafun siraran nan kaɗai ke tsakaninsa da nauyin gidansa.

Ya ce a ransa ɓera ne ya ci waya. Ya dafa ƙasa da diddige, ya ja ƙugu zai zame waje. Injin ya sake kuka. Ƙarfen ƙasan tirelar ya sauko har ya gogi maɓallin rigarsa. Ya sandare, injin ma ya tsaya.

Wayar da ɓera ya ci ba ta jiran mutum ya motsa.

A nan ya tuna da rimot, ɗan baƙin abin da ke juya ƙafafun daga nesa. Tun shekaranjiya yake nemansa. Jiya ma a kansa suka yi da matarsa Darlene: ya ce ita ta ɓoye don ta ƙuntata masa, saboda ta gaji da yawo, tana son su koma garin Boise kusa da jikoki. Ta ajiye masa farantin wake da ƙarfi ta ce, "Wannan akwatin da ka fi so a kan kowa, a cikinsa za a binne ka."

Ya juya kai a hankali. Ga jajayen takalmanta na roba a kan tsakuwa, tsaye daf da tirelar.

"Darlene! Saki abin nan!"

"Wane abu? Ban taɓa komai ba! Me ya kai ka ƙasa, tsohon banza, ba taya?"

Vernon bai ga hannuwanta ba, su kuwa yake son gani. Tsoro ya kama shi irin wanda bai taɓa sani ba. Ya tattara ƙarfinsa ya yunƙura gefe guda. Injin ya amsa nan take, ya daɗe yana kuka wannan karon. Ƙarfe mai sanyi ya zauna masa a ƙirji kamar buhun siminti, numfashinsa ya koma rabi.

"Kar ka ƙara motsi!" ta daka masa tsawa. "Ka ji ni? Ka motsa, ka mutu!"

Ya ji ta sarai. Kallonsa take yi ke nan, duk lokacin da ya yi yunƙuri sai ta danna rimot. Matar da ya raba gado da ita tun gashinsa na baƙi! Da ɗan numfashin da ya rage masa ya faɗa mata abin da baki bai kamata ya faɗa ba. Ya kira ta makashiya. Ya ce zai gaya wa 'ya'yansu ko daga kabari ne. Daga baya zagin ya ƙare, ya koma roƙo, hawaye na gangara masa cikin kunne.

Jajayen takalman suka ruga suka ɓace. Ya ji ƙarar sifana can gaban tirelar inda batir yake. Ya kwanta kamar gawa, ya ƙura wa wani ƙwaro ido yana tafiya a jikin ƙarfen, yana jiran kukan ƙarshe.

Abin da ya zo guntayen itacen girki ne, Darlene na cusa su ƙarƙashin ƙarfen da ƙafa. Sai jak ɗin da ya yi gandar tonowa. Ya ji nishinta tana bugawa, nauyin yana barin ƙirjinsa kaɗan-kaɗan. Ta kama idon sawunsa biyu ta ja shi waje a kan tsakuwa.

Ya miƙe da rarrafe yana tari. Fatar hannunta ta saɓule wurin cire wayar batir, jini na ɗiga, amma bai kalli jinin ba, aljihun rigarta yake kallo.

"Nadama kika yi a tsakiya?" ya ce. "Ina kika jefa shi?"

Ta zagaya bayansa tana kaɗe masa ƙura, tana kuka ba sauti. Tafinta ya bugi wani abu mai tauri, ta tsaya cak.

Ta sa yatsu biyu a aljihun baya na tsohon wandon aikinsa, ta zaro rimot ɗin, da ɗumin jikinsa, ta ajiye masa a hannu.