Direba a Kujerar Baya

"Ba ni makullin," in ji sabon manaja. "Ni in wani ke jan mota, jiri nake ji har da amai. Ko ka zauna a baya, ko ka koma gida."

Direban ya tuna bakunan da yake ciyarwa, ya shige baya. Ya sauke gilashi, ya ƙura wa titi ido, yana ta haɗiyar yawu. Suna shan kwanar farko ya kwara amai a kafaɗar manaja.

Manaja ya taka birki. "Kai, dattijo! Mutumin da ya yi furfura a kan sitiyari?"

Direban ya goge baki da hularsa. "Yallaɓai, ai shi ya sa ban taɓa sakinsa ba."