Ganyen Makokin Lufeyo

Sau uku ke nan Nambewe tana mayar da ganyen kan titi.

A garinsu idan aka yi rasuwa, sai a karyo rassan itace a jera a kan kwalta, nesa kaɗan da gidan, ta gabas da ta yamma. Mai keke ya sauka ya tura, mai mota ya rage gudu, mai hula ya cire. Ba a kwashe ganyen sai an rufe mamaci. Yau kuwa tun da safe Sufeto Kamanga yake shure shi da takalmi, ita kuma tana bin bayansa tana gyarawa.

Ya ce, "Mama, wai ba ki saurari rediyo ba ne? Yau shugaban ƙasa zai sa hannu a takardar sulhu da na ƙetaren tafki, a bakin ruwa. Motocin manya ta nan za su bi, kuma ba sa rage gudu don ganye."

"To su take shi da kansu," in ji ta. "Mijina ba akuya ba ne da za a binne shi a ɓoye."

Kwana uku ke nan da sojojin ƙetaren tafkin suka harbe Lufeyo a cikin kwalekwalensa, wai ya tsallake iyaka. Shekara talatin yana jefa taru a ruwan nan, bai taɓa ganin inda aka ja layi ba.

Wurin matar mamaci shi ne kan tabarma, kusa da akwatin gawa. Nambewe ta kasa zama. Ta zauna, ta miƙe, ta leƙa ƙofa. Daga nan ba a hango ganyen, kwanar titi ta tare. Da ta yunƙura za ta sake fita, sai yayar mijinta ta riƙe mata zani.

"Zauna, Nambewe. Mutane na kallo."

Ta zauna, amma kunnenta yana titi. Can ta jiyo jiniya daga nesa, tana matsowa. Ta runtse ido tana jiran motocin su wuce gidan da gudu. Sai jiniyar ta ɗauke, babu abin da ya wuce.

Jim kaɗan wani dattijo ya shigo gidan a ƙasa, hularsa a hannu, ƙura ta buɗe takalminsa. Mutum biyu da suka biyo shi suka tsaya a gindin mangwaro, ba su zauna ba. Masu haƙa kabari, waɗanda al'ada ta ba su damar tsokanar kowa a gidan makoki, suka yi masa ca.

"Baba, da wannan takalmin aka zo haƙa? Ko coci ka nufa ka ɓace hanya?"

"Ku ba shi fartanya mu ga ko hannun na aiki ne!"

Ya yi murmushi kaɗan, ya wuce ƙofar ɗaki, ya durƙusa kamar yadda ake yi. Nambewe ta dube shi da kyau. Ta san fuskar shugaban ƙasarsu, tana jikin zanin rabin matan garin. Wannan ba shi ba ne. Ta ɗauka wani tsohon malamin makaranta ne.

"Sannu da haƙuri, Mama. Waye ya rasu?"

Yarensu yake yi, sai dai yana ɗan jan ƙarshen magana.

Ta gaya masa. Ta gaya masa harsashi biyu ne, ɗaya a wuya. Ta ce 'ya'yansu huɗu, ƙaramar har yanzu tana zuwa bakin ruwa jiransa. Ta ce yau manya za su zauna a inuwa su gaisa, a ɗauki hoto, babu wanda zai ambaci sunan Lufeyo.

"Sake faɗa mini sunan," in ji shi.

Ta sake faɗa. Ya maimaita a hankali, sau biyu.

Aka kawo masa ruwan wanke hannu da tuwon masara da ɗan kifi. Ya dubi kwanon, ya girgiza kai.

A nan ba a ƙin tuwon makoki, ko mutum ya ƙoshi sai ya ɗan gutsura. Mutum ɗaya kawai al'ada ta hana: wanda yake da hannu a mutuwar.

"Baba, baƙo ne kai, ba ka san al'adarmu ba," in ji yayar mijin. "Taɓa ko loma ɗaya."

"Na santa. Mu ma haka muke yi."

Ya miƙe, ya sunkuya wa akwatin, ya fita. Mutanen nan biyu suka bi shi.

Wannan karon babu wanda ya iya riƙe Nambewe. Ta fita ba takalmi, ta bi su har kwanar titi.

Ganyen yana nan yadda ta jera shi. A bayansa motoci baƙaƙe sun fi ashirin, sun yi layi, duk an kashe su. Sufeto Kamanga ya ƙame yana sara wa dattijon, gumi na zuba a wuyansa. Dattijon ya tsallake ganyen a hankali don kada ya taka, aka buɗe masa ƙofar doguwar motar da ke tsakiya.

"Sufeto, waye wannan?" Nambewe ta tambaya.

Bai sauke hannunsa ba, ta gefen baki ya amsa mata: "Shugaban ƙasar ƙetare ne, Mama. Shi ya ce a tsaya."