Dajin Dabbobi Kaɗai

Inna Uwani ta ture wayar da ɗanta Hamisu ya miƙo mata don ta ga hotunan wani daji, ta ja tsaki.

"Biri? Guminka na haƙar zinari a Bagega za ka kwasa, ka hau jirgi ka tafi kallon biri? Ni da na girma ina korarsu da dutse a gonarmu ta Gwashi."

Hamisu bai ji haushi ba. Ya ce ƙasar da zai je sunanta Kosta Rika, 'yar ƙarama ce, amma ga aku, ga kada, ga kunkuru. Baƙi har kwana suke yi a tsakiyar daji.

Ta taɓe baki. "Sakarkaru. Wa ke biyan kuɗin fansarsu?"

"Dajin nan ba mai ɗaukar mutum, Inna. Dabbobi kaɗai ne a ciki."

Rabonta da gonar nan tun da 'yan bindiga suka koro su zuwa garin Bukkuyum. Ta jawo wayar, ta daɗe tana kallon itatuwan.

"Dabbobi kaɗai?"

"Su kaɗai."

"To kai zauna da shirmenka. Ni za ka saya wa tikitin. Kuma ka tambaye su ko ƙasarsu tana yin gero."